Tsirkiyar da Ba Ta Kuka

Litinin, da hantsi

Mun dawo da Mutuniyar, wato matata, gida daga asibiti. An rufe idon dama da auduga da filasta. Na hagun kuwa tun bara ya zama ɗan rakiya, haske da duhu kawai yake rarrabewa. Likita ya ce ta kwanta rub da ciki, fuska tana kallon ƙasa, har sai ranar da ya ce ta tashi. Akwai wani abu da suka sa a cikin idon, kuma dole ya zauna inda aka ajiye shi. Kada ta ɗaga kai, kada ta waiwaya. Ya faɗi abin da zai faru idan abin ya goce. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Na jera matasan kai biyu, na bar rami a tsakani saboda hancinta. Ta ce, "Kullum kana cewa in huta, in huta. To ga shi ka samu." Na yi dariya don ta ji na yi.

Yaya, wato babbar yayarta, ta tare a falonmu da jakarta da abin sallarta. Ita ce ta lulluɓe keken ɗinkin Mutuniyar da zani. Rigar wata mata tana nan ƙarƙashin allura, hannu ɗaya a ɗinke, ɗaya ba a ɗinka ba. Ban san me ya sa lulluɓewar ta ba ni haushi ba, amma ta ba ni.

Talata, bayan azahar

Oga, shugaban ƙungiyar kiɗanmu, ya kira. Ya tambayi mai jiki, ya yi addu'a, sai ya yi gyaran murya, na san abin da ke tafe. Ƙarshen wata za mu shiga situdiyo mu naɗi sabbin waƙoƙi. "Ka dai riƙa taɓa bes ɗin nan, kada hannu ya yi sanyi." Tun ina da gashi a ka nake kaɗa masa jitar bes, bai taɓa ganin hannuna ya yi sanyi ba, amma Oga ke nan.

Na ɗauki kujera na zauna a lungun da ke tsakanin ɗaki da falo, na sa abin kunne, don kada sifika ta dami kowa. Ni ina jin kiɗa a kunnena, gida kuma ba ya jin komai sai ɓera.

Mutuniyar ce ta raɗa masa suna tun muna sabon aure. Tsirkiyoyina masu kaushi ne, an naɗe su da zagayayyiyar waya, in ka shafa za ka ji gargada. Duk lokacin da yatsa ya zame daga wani wuri zuwa wani, sai su yi ƙiit. Tana kan keke, sai ta ɗaga murya ta ce, "Ɓeranka ya fito, a rufe tukwane."

Yau ba ta ce komai ba. Maganin yana sa ta barci.

Laraba, da safe

Yaya ta tare ni a kicin, ta rufe ƙofa.

"Kai makaɗi, kana da hankali kuwa?"

Na ce, "Da ɗan saura, Yaya."

"Ba wasa nake yi ba. Duk sanda abin nan naka ya yi ƙiit, sai ta karkato da kai wajen ƙofa. Jiya ina zaune ina kallo. Me likita ya ce a kan motsa kai?"

Na je na gwada, don ni ba na yarda da magana sai na gani. Na bar ƙofa a buɗe, na ja yatsa sau ɗaya. Ƙiit. Kan ya motsa. Kaɗan ne, amma ya motsa. Na jingine jitar a bango, na daɗe ban iya tashi daga kujerar ba.

Alhamis, da yamma

Na je shagon Alanki, mai gyaran kayan kiɗa. An sa masa sunan ne saboda ɗan makullin alanki, na murɗa kusoshi, da yake maƙale a bayan kunne kamar biro. Na ce masa ina neman tsirkiyar da ba ta kuka. Ban faɗa masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba.

"Kai? Kai da ka ce masu santsi na tsofaffi ne?"

"To na tsufa."

Ya jawo durowa ya zazzage min a kan tebur. Duk tsofaffin da aka cire daga jitocin mutane ne, ya ce in je in gwada kafin in yanke shawara. Su masu santsin, maimakon zagayayyiyar waya, da shimfiɗaɗɗen ƙarfe ake naɗe su, shi ya sa yatsa ba ya samun abin karta. Ya ware min iri huɗu.

"Waɗannan ƙarfe ne zalla, masu tauri. Sautinsu dum, dum, babu surutu. Amma za su ja wuyan jitarka, kuma za ka ji a jikinka. Waɗannan masu laushi ne, akwai zaren siliki a cikinsu, yatsa yana jin daɗinsu, sai dai in ka dake su da ƙarfi za su yi ta bugun ƙarafan wuya. Waɗannan baƙaƙen da nailan aka naɗe su, su ne kurame. Waɗannan kuma munafukai ne."

"Munafukai?"

"Masu kaushi ne aka goge musu baya. Ba su nan, ba su can."

Na kwashe duka. Da zan fita ya ce, "Kada ka yi ta canje-canje kamar riga. Kowane iri da yadda yake jan itace. In ka sa, ka ba wuyan kwana ya zauna."

Juma'a, da safe

Na cire nawa na dā. Na nannaɗe su na jefa a kwandon shara da ƙarfi, kamar su suka yi laifin.

Na fara da munafukai. Ɓeran yana nan, mura kawai ta kama shi. Na cire.

Asabar, bayan la'asar

Masu tauri. Alanki bai yi ƙarya ba. Kafin in gama ɗaure ta huɗu wuyan ya fara lanƙwasa, tsirkiyoyin suka tashi sama har ɗan yatsana yana iya shigewa ƙarƙashinsu. Na sa makulli a sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, na murɗa kaɗan. Ba a yi mata gaggawa. In ka matsa da yawa, wani abu zai karye a ciki inda ido ba ya gani, kuma ba za ka sani ba sai daga baya. Na ajiye makullin.

Sautin kuwa, wallahi, yana da kyau. Nauyi gare shi, kowace ƙwaya tana faɗowa ta tsaya a wurinta. Amma kafin in gama waƙa ɗaya tsintsiyar hannuna ta ɗau zafi. Kuma in na yi sauri akwai ɗan shuu da ke fita. Ba ƙiit ba ne, shuu ne. Na kira Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta duba min kan. Ta ce bai motsa ba. Na ce ta sake dubawa. Ta ce, "Ni 'yar aikinka ce?" amma ta duba.

Lahadi

Ta ci cokali kaɗan ta ce ta ƙoshi.

Litinin, da rana

Asibiti. Ta tafi da kai a sunkuye tun daga gida, ni ina riƙe da hannu ɗaya, Yaya ɗaya. Likita ya buɗe, ya haska, ya daɗe yana haskawa. Ya kira wani likitan, shi ma ya haska. Suka yi magana ƙasa-ƙasa da turancinsu na likitoci. Sannan ya juyo da murmushin nan nasa ya ce, "Mu ci gaba da kwanciya."

Na tsani murmushin nan.

Ba abin da nake son rubutawa ke nan ba. Masu laushi na sa da muka dawo. Sai da na sassauta sandar da na ɗaure shekaranjiya, tunda su ba sa ja. Yatsa yana tafiya a kansu kamar a kan sabulu. Suna da zaƙi a tsakiya, irin sautin da ke rera waƙa da kansa. Aibinsu guda, ni hannuna mai nauyi ne, da na ɗan daka sai su yi kaf-kaf a jikin ƙarfe. Kaf-kaf ma ƙara ce. Ƙara ba ta da wuri a gidan nan.

Talata, da hantsi

Ina lungu na ji ta ta cikin matashi tana ce wa Yaya, "Ya fita ne?"

"Yana nan."

Can an jima, "Yaya, ya fita?"

"Na ce miki yana nan. Ki yi barci."

Na leƙa na ce, "Ga ni, ranki ya daɗe, me za a kawo?" Ta ce babu komai. Maganin nan yana rikita ta, zan gaya wa likita.

Laraba, da yamma

Baƙaƙen. Sun fi sauran kauri, sai da na yi dabara kafin ta saman ta zauna a gurbinta. Amma da na ja yatsa tun daga kan wuya har gindi, babu abin da ya fita. Na sake ja. Shiru. Na cire abin kunne na saurara da kunnena tsirara, na ji agogon falo, na ji famfon kicin yana ɗiga, ban ji jitata ba.

A abin kunne kuwa sai ka ce babbar bes ɗin nan ta katako da ake tsayawa a kaɗa, sauti mai taushi da duhu. Ba ya daɗewa, da ya fito sai ya kwanta.

Yaya ta ce, "Yanzu ka zama mutum." Na ji daɗi har na ba kaina kunya. A duk makon nan wannan ne abu ɗaya da na gyara ya gyaru.

Alhamis

Ba ta tsokane ni ba yau. Jiya ma haka.

Juma'a, bayan la'asar

Na je gwajin waƙoƙi wurin Oga, na bar Yaya da ita. Da na shiga waƙar farko Oga ya ɗaga hannu aka tsaya.

"Me ka yi wa jitar nan?"

Na ce tsirkiya na canza.

"Wannan ai shi nake nema tun tuni ban san sunansa ba! Kada ka kuskura ka taɓa su. Haka za mu naɗa." Mai ganga ya ce har shi ya samu wurin numfashi. Mai haɗa sauti ya ce yau zai yi barci, don shekara da shekaru yana fama da goge ƙiit-ƙiit ɗina.

Ya kamata in yi murna. Ina ta duba waya a tsakanin waƙoƙi.

Da na dawo na tarar ta juya hannu ta riƙe ƙafar gado. Na ce na dawo. Ta ce, "Daga ina?" Na ce gwaji, ai na sallame ki. Ta ce, "Oho. Ni yanzu ban san lokacin da kake nan da lokacin da ba ka nan ba." Na ce ai kullum ina nan.

Asabar, da safe

Matar mai rigar ta aiko a karɓar mata kayanta, za ta kai wani wuri a ƙarasa. Yaya ta yaye zanin, ta zare rigar daga ƙarƙashin allura, ta mayar da zanin. Mun yi a hankali don kada Mutuniyar ta ji. Ta ji. Ta ce, "Ku ce mata wuyan sai an sake shi, na matse shi." Shi ke nan abin da ta ce har azahar.

Lahadi

Shiru. Ina ta kaɗawa. Hannu ya saba da baƙaƙen.

Litinin

Ba zan iya rubutu yau ba.

Talata, da hantsi, a bencin asibiti

Bari in rubuta yadda ya faru, ko zai bar kaina.

Jiya bayan azahar Yaya ta tafi kemis karɓo maganin ɗigawa. Ta ce min, "Ka sa kunne." Na ce to. Na leƙa na ga Mutuniyar tana barci, na zauna a lungu, na sa abin kunne, na shiga waƙar nan mai wuyar gada. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Hannu na gani a jikin bango, yana lalube. Na ɗaga kai. Tana tsaye. A miƙe, kai sama, fuska tana juyawa dama da hagu. Kafin in fizge abin kunnen ƙafarta ta harɗe da wayar jita, ta tafi gaba. Na tare ta da ƙirji, jitar ta bugi ƙasa. Ban san na iya ihu haka ba. "Sunkuya! Sunkuyar da kai!" Na danna mata ƙeya da hannuna kamar mai kama ɓarawo, Allah ya yafe min.

A cikin tasi, kanta a kan cinyata, na ce, "Me ya tashe ki? Me kike nema da ba za ki kira ni ba?"

"Na kira. Na yi ta kira."

Na tuna abin kunnen da ke kaina a lokacin, ita kuma ta ci gaba.

"Na ɗauka ka tafi."

"In tafi ina?"

"Ina na sani? Mutum yana gajiya." Muryarta tana fitowa ta cikin wandona, a toshe. "Ka san me nake gani a ramin matashin nan? Babu. Keke ya yi shiru. Yaya tana tafiya kamar kyanwa. Dā in na farka ina jin ɓera, sai in ce to, yana bayan ƙofa, sai in koma barci. Sai ɓeran ma ya mutu. Na ce ko ka sayar da jitar saboda asibiti kuna ɓoye min. Na ce ko ka daina zama a gidan ne Yaya tana rufa maka asiri."

Na ce, "Kanki yake motsawa in kin ji shi. Saboda ke na canza."

"To ba sai in ji ta inda kake ba? Kai da Yaya wa ya tambaye ni?"

Direban ya rage rediyo har muka iso.

Talata, da yamma

Likita bai yi murmushi ba. Ya ce abin ya ɗan gusa. Ya ce "ɗan". Na riƙe wannan kalmar, ita nake ta juyawa. Ya sake rufewa, ya ce a koma a kwanta, ranar Litinin zai buɗe ya gaya mana inda muka tsaya. Na tambaye shi ko tashin da ta yi ne. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba.

Ina jin tsoro. Ban taɓa rubuta shi ba, to ga shi na rubuta.

Laraba, da safe

Na zazzage kwandon shara a tsakar kicin, alhali na san an zubar da shi ba sau ɗaya ba. Yaya ta shigo ta same ni tsugune cikin ɓawon albasa.

"Me kake nema?"

"Tsirkiyoyina na dā."

Tun shekaranjiya ba mu haɗa ido ba, ni da ita. Ta juya ta fita. Sai ga ta da su a hannu, uku a nannaɗe, ɗaya a miƙe da 'yan ɗigon ruwa a jiki. Ashe tun ranar ta tsince su, ta ce wayar kirki ba a yar da ita, ta ɗaure mai kaurin a tagar banɗaki tana shanya tsumma.

Ta ce, "Ni na ce ka kashe ɓeran."

Na ce, "Ni na kashe."

"To tashi daga cikin shara, babba da kai." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce albasa ce.

Alhamis, bayan azahar

Na kai wa Alanki kayansa, har da baƙaƙen. Ya duba inda jitar ta bugu, ya ce fenti ne kawai. Ya ce, "Wane iri ne ya yi maka?" Na ce baƙaƙen sun fi kowanne shiru, masu laushi sun fi daɗin hannu, masu tauri sun fi sauti, munafukai kuma munafukai ne. Ya ce, "To wanne za ka ɗauka?" Na ce babu. Ya kalle ni, ya zaro makullin daga bayan kunne, ya daidaita min wuyan a kan tsofaffin, bai ƙara tambaya ba.

Na kira Oga daga bakin shagon. Na ce na mayar da na dā.

"Ka mayar da me? To ka sa baƙaƙen ranar naɗi mana."

Na ce jita ɗaya gare ni, wuyanta ba zai ɗauki sa-da-cire ba, kuma a gida ake bukatar masu kukan.

"A gida? Wa ke bukatar ƙiit a gida?"

"Mai jiki."

Ya ce, "Ɓeran nan zai shiga faifai fa."

Na ce, "Ya shiga, Oga. In kuma ba zai yiwu ba, ka nemi wani, ba zan riƙe ka a rai ba." Ya ce zai yi tunani. Har yanzu bai kira ba, kuma abin mamaki ban duba wayar ba sai yanzu da nake rubutu.

Lahadi, bayan la'asar

Gobe ne.

Na daina zama a lungu. A ƙasa nake zama yanzu, dab da kan gado, bayana a jikin katifa, ta yadda ba sai ta nemi inda ƙarar take ba. Ba na sa abin kunne. Ta sauko da hannu ta ɗora a kan jikin jitar, ta ce tana jin gurnanin a tafinta. Yaya tana bakin ƙofa tana gadin kan. Tun ranar Alhamis bai motsa ba.

Ɗazu ta ce, "Tsoho."

"Na'am."

"In gobe ya buɗe ya ce shi ke nan fa?"

Na buɗe baki in ce ba zai ce ba, sai na rufe. Na gaji da yanke mata abubuwa ba tare da na tambaye ta ba. Na ce, "To me kike so in yi?"

"Kada ka sake kashe min ɓera. Ko me ya ce."

"Ba zan sake ba."

"Ja shi in ji. Tun daga sama, a hankali."

Na ɗora yatsa a kan mai kaurin, wadda ta sha shanyar tsumma, na ja ta tun daga kan wuya har gindi. Ta yi ƙara mai muni, irin wadda mai haɗa sauti zai toshe kunne saboda ita.

Daga cikin matashi na ji ta ce, "Yaya, a rufe tukwane."

Yaya ta tashi ta shige kicin da sauri. Ni kuma na sake ja.